Wasiyyar bayar da sassan jiki bayan rasuwa: ina neman shawara

Malama, Tudun Wada

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da malamai da likitocin da ke cikinsa. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Kaduna, kuma na daɗe ina juya wata magana a zuciyata kafin na yanke shawarar kawo ta gabanku.

Bara da damina ƙanena ya rasu, bayan ya shafe wata goma sha huɗu ana yi masa wankin ƙoda. Likitoci sun ce sau uku a mako ya kamata a riƙa yi, amma ƙarfinmu bai wuce sau biyu ba, daga baya ma ya koma sau ɗaya, duk da cewa mun sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana a Rigachikun. Ni ce mai raka shi. Har yanzu ina ganin sa kwance, jininsa yana fita ta wani siririn tiyo yana shiga na'ura yana dawowa ta wani, yana rawar sanyi yana cewa, "Yaya, ƙara rufa mini bargon." Ruwan sha ma da ɗan ƙaramin kofin shayi ake auna masa, yaron da ya saba shanye moɗa biyu a tsaye idan ya dawo daga wurin walda. Na je an gwada ni domin in ba shi tawa, aka ce ina da hawan jini, ba za a ɗauka ba. Babban yayanmu kuwa jininsu bai zo ɗaya ba.

A zaman jinyar nan ne wani likita ya gaya mini cewa a wasu ƙasashe yawancin ƙodar da ake dasa wa marasa lafiya daga mamata ake samun ta. Tun ranar maganar ta zauna mini. Muna binne ƙoda lafiyayyu kullum, wasu kuma suna mutuwa saboda rashin guda ɗaya. Sai na yi niyyar rubuta wasiyya cewa idan tawa ta zo, duk abin da zai amfani wani a jikina a ɗauka.

Da na faɗa wa Inna sai ta fashe da kuka, ta ce so nake a tashe ni ranar alƙiyama da rami a ciki. Yaya kuma ya ce duk likitan da ya san mutum ya yi irin wannan alkawari ba zai tsaya ceton ransa ba, kuma ƙarshenta masu kuɗi za a sayar wa. Shi ya sa nake tambaya: addini ya yarda da wannan? Tsoron Yaya yana da tushe? Kuma a ƙasar nan, idan na rubuta wasiyyar, akwai wanda zai yi aiki da ita?

Likita, Malali

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan ƙaninki, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Ɓangaren addini na bar wa masu shi. Zan yi magana a kan abin da na sani.

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya rasu ana iya ɗaukar ƙodarsa ko hantarsa, alhali waɗanda hakan ke yiwuwa a kansu kaɗan ne ƙwarai. Sassan ciki suna fara lalacewa cikin mintuna da zarar jini ya daina kai musu iska. Wanda ya cika a gida, ko a gefen hanyar Zariya bayan haɗari, ko a gadon ɗakin jinya na yau da kullum, kafin a yi wani motsi lokaci ya riga ya wuce. Galibin waɗanda ake karɓa daga gare su mutane ne da suka samu mummunan rauni a ka ko jini ya fashe musu a ƙwaƙwalwa, aka sa musu na'urar numfashi a sashen kulawa ta musamman, sannan aka tabbatar ƙwaƙwalwar ta mutu gaba ɗaya har da gindinta, wato sashen da ke tafiyar da numfashi. Na'ura ce ke hura huhun, shi ya sa zuciya ke ci gaba da bugawa na ɗan lokaci.

Wannan ya sha bamban da dogon suma, kuma a nan ne rikicewar take. Mai dogon suma ƙwaƙwalwarsa tana aiki, yana iya farfaɗowa, kuma babu mai taɓa shi. Mutuwar ƙwaƙwalwa kuwa ba a dawowa daga gare ta. Kafin a yanke hukuncin sai an tabbatar ba magani ne ya kwantar da mutum ba, ba kuma tsananin sanyin jiki ba ne, sannan a haska masa fitila a ido a ga ko ƙwayar za ta motsa, a taɓa idon da auduga, a taɓa maƙogwaro, daga ƙarshe a cire na'urar na wasu mintuna a ga ko zai yi yunƙurin jan numfashi da kansa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce likitocin da ke tabbatar da mutuwar ba sa cikin masu aikin dashen. Wannan ita ce amsata ga Yaya. Likitan da ke karɓar mutum a sashen gaggawa aikinsa ceto ne, ba shi ke raba sassan ba, bai ma san wa za a bai wa ba. Ƙari a kan haka, wanda aka yi sakaci da shi har jininsa ya yi ƙasa na tsawon lokaci sassansa ba sa amfanuwa, don haka sakaci ba ya haifar da komai sai asara biyu.

Idan komai ya tafi daidai, mamaci ɗaya yana iya zama sanadin rayuwar mutum har takwas. Amma aikin na tsere da agogo ne, domin zuciya ba ta wuce awa huɗu zuwa shida a wajen jiki, hanta kamar awa goma sha biyu, ƙoda kuwa takan kai kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin sanyi. Sifaniya, wadda ta daɗe tana kan gaba a duniya a wannan fanni, ta kafa hukuma ta musamman tun 1989, ta sa ma'aikatan da aka horar a asibitocinta domin zama da iyalan mamaci su yi musu bayani, kuma har yau ba a ɗaukar komai sai an ji ta bakin iyali.

Mu a nan an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, amma kusan duk ƙodar da ake dasawa daga masu rai ake karɓa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba baligi mai hankali damar bayar da jikinsa ko wani sashe bayan rasuwa, ta hanyar wasiyya ko takardar da ya sa wa hannu a gaban shaidu aƙalla biyu, ta kuma haramta saye da sayarwa. Abin da ya rage mana shi ne tsarin da zai ɗauki nauyin aikin: isassun gadajen kulawa ta musamman, wutar da ba ta ɗaukewa, ɗakunan gwaji, da jerin masu jira wanda kowa zai amince ba a tsallake layi a cikinsa. Gaskiyar da zan gaya miki ita ce da wuya wasiyyarki ta yi aiki a kan ƙoda a yau. Duk da haka ina ganin ki rubuta, domin babu gwamnatin da za ta kashe kuɗi ta gina wannan tsari matuƙar tana zaton jama'a gaba ɗaya sun ƙi shi.

Malamin Islamiyya, Rigasa

Allah ya gafarta wa mamacin, ya ba Inna haƙuri. 'Yar'uwa, ki sani tun farko wannan mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma ba daidai ba ne wani ya ɓoye miki ɗaya ɓangaren.

Waɗanda suka hana, cikinsu akwai Sheikh Ibn Usaimin na Saudiyya da Sheikh Sha'arawi na Masar, hujjarsu ita ce jiki amana ne ba mallakar mutum ba, don haka ba shi da ikon kyautar da shi. Sun kuma kafa hujja da hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda Abu Dawud ya ruwaito, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Hujja ce mai nauyi, kuma wanda ya riƙe ta bai yi laifi ba.

Sai dai manyan majalisun fatawa na wannan zamani sun tafi a kan halasci. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta a 1982. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta ce ya halatta a ɗauki sashen mamaci a dasa wa mai rai wanda rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya rataya a kan hakan, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa su yi bayan rasuwar, kuma kada ciniki ya shiga ciki ko kaɗan. Suka ce abin da hadisin ya hana shi ne wulaƙanta gawa da keta alfarmarta, shi kuwa likitan da ya yi tiyata cikin natsuwa ya ɗinke ya mayar, domin ceton wani rai, bai yi wulaƙanci ba, kamar yadda ba ma kiran tiyatar mai rai wulaƙanci. Malaman fiƙihu na da ma sun tattauna matar da ta rasu da ɗa mai motsi a cikinta, kuma da yawansu sun halatta a tsaga a fito da shi, saboda alfarmar mai rai ta rinjayi ta mamaci idan suka yi karo. A kan wannan suka ɗora ayar Suratul Ma'ida, cewa wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. A 2021 Sarki Salman na Saudiyya da Yarima mai jiran gado sun sa sunayensu a rajistar masu bayarwa ta ƙasarsu.

Maganar mutuwar ƙwaƙwalwa da Likita ya yi ita ma an zauna a kanta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da na ambata ta karɓe ta a matsayin mutuwa ta shari'a a zaman Amman na 1986, idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar babu dawowa. Majalisar Rabiɗa ta Makka kuwa ta yarda a cire na'urar, amma ta ce hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya. Kin ga nan ma akwai saɓani.

Tsoron Inna shi ne ya fi taɓa ni, domin tsoron uwa ne, kuma amsarsa tana cikin Alƙur'ani ƙarara. A Suratul Ƙiyama Allah ya ce shi mai iko ne a kan daidaita har kan yatsun mutum. Kowa a kabari ƙasa ke cinye shi, da mai ƙoda biyu da mai ɗaya. Wanda ya nutse a kogin Kaduna ba a ga gawarsa ba za a tashe shi cikakke. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya rasa hannayensa biyu a yaƙin Mu'uta, aka musanya masa da fukafukai a Aljanna. Ki karanta mata waɗannan a hankali, kada ki yi mata a sigar gardama. Ni dai ina tare da masu halattawa bisa sharuɗɗan nan, amma ba zan so ki sa hannu a takarda alhali zuciyar mahaifiyarki tana ƙuna ba.

Dattijo mai wankan gawa, Kawo

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini wannan. Allah ya gafarta Malam, na ji bayaninka, na ji na Likita, ban kuma musa ba. Amma 'yata, ni shekara talatin da wani abu ina wanke mamata a unguwarmu, kuma abin da na sani shi ne idan mutum ya cika da asuba, kafin azahar mun wanke shi, mun yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Gaggauta jana'iza umarni ne. Idan aka ce asibiti za ta riƙe gawa, kwana nawa za ta yi? Wa zai tsaya ya ga an rufe mata al'aura? Kuma yaya za a miƙo mini ita, da ciki a buɗe?

Sannan tsoron yayanki kada a raina shi, domin ruwa ba ya tsami banza. Duk mun ji a rediyo yadda kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, a 2023, saboda ya kai wani yaro mai talla daga Legas domin a cire masa ƙoda. Idan babban mutum irin wannan ya yi wa mai rai haka, ina ga mamacin da ba shi da bakin magana? Ni ban ce haramun ne ba, ba ni da ilimin faɗar haka. Abin da nake cewa shi ne a fara nuna mana amana tukuna.

Ma'aikaciyar jinyar ido, Barnawa

Baba, ina gaisuwa, kuma tambayoyinka su ne ainihin waɗanda iyalai ke yi. Inda ake wannan aiki, tiyata ce ta awoyi a ɗakin tiyata, da mayafi a rufe kamar yadda ake yi wa mai rai, a ɗinke wurin tsaf a miƙa gawa ga masu ita. Abin da mai wanka zai gani ɗinki ne, irin wanda na tabbata ka sha gani a jikin waɗanda suka rasu bayan tiyata, kuma likkafani yana rufe shi. A Saudiyya da Turkiyya ana yi, ana kuma sallatar mamatansu a binne su bisa sunna. Shari'ar Landan da ka ambata gaskiya ce, an yanke masa shekara tara da wata takwas. Amma a lura cewa likitan asibitin can ne ya ƙi yin aikin da ya fahimci yaron bai san abin da aka kawo shi yi ba. Kuma abin da ke ciyar da wannan mummunar kasuwa shi ne ƙarancin ƙoda. Mai kuɗin da ɗansa ke kan na'ura, idan babu layin gaskiya da zai bi, talaka mai rai zai je nema.

Malama, ni Kirista ce, kuma a wurinmu cocin Katolika ta bayyana bayar da sassan jiki bayan mutuwa a matsayin aiki mai daraja da lada, Fafaroma John Paul na biyu ma ya yaba shi a bainar jama'a a 2000. Na faɗi haka ne domin a san tsoron bai tsaya ga addini ɗaya ba, a cikin danginmu ma ana cewa kada a binne mutum da gibi.

Abin da ya sa na shigo shi ne ido, domin shi ne ya fi kusa da abin da za mu iya. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo. Idan ƙyanda ta taɓa shi, ko karan dawa ya tsokane shi a gona, ko aka ɗiga masa maganin da ya ƙona shi, sai ya yi farin tabon nan da ake kira hakiya, mutum ya daina gani alhali cikin idon lafiya lau yake. Na taɓa riƙe hannun wata yarinya 'yar shekara tara da aka kawo daga ƙauye, idanunta biyu fari fat, tana bin hasken taga da fuskarta tana murmushi. Abin da take buƙata bai fi faɗin farcen ɗan yatsa ba, kuma daga mamaci kaɗai ake samun sa.

Wannan tantani ba ya buƙatar na'urar numfashi, ba ya shiga saɓanin mutuwar ƙwaƙwalwa, domin bayan zuciya ta tsaya ake cire shi, cikin awoyin farko. Aikin ba ya kai awa ɗaya, a rufe fatar ido, fuska ba ta canzawa, jana'iza ba ta jinkirta. Tsoho yana iya bayarwa, mai sa tabarau ma haka, har wanda aka yi wa aikin yanar ido. Ana gwada jini saboda cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta. Da yake babu jijiyoyin jini a cikinsa, jiki bai cika ƙin karɓarsa ba, kuma tun 1905 ake dasa shi a duniya. Muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, a hanyar Mando. Ki je ki nemi ganin likitan wannan fanni ki tambaye shi yadda za ki tsara wasiyyar. Kuma ki gaya wa mutanen gida tun yanzu, domin takardar da ke ƙasan akwati sai bayan sadakar uku ake ganin ta, lokacin kuwa an riga an binne.

Malama, Tudun Wada

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji maganarka, kuma ba zan sa hannu a komai ba sai na san a hannun wa zan bar kaina.

Jiya bayan sallar isha'i na zauna da Inna a tsakar gida, na karanta mata ayar Suratul Ƙiyama da labarin Ja'afar kamar yadda Malam ya ce. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Da na ba ta labarin yarinyar da 'yar'uwa ta Barnawa ta ambata, sai ta tambaye ni ko da gaske fuska ba ta canzawa, na ce haka aka gaya mini. Ta ce na ido ta ji, amma na ciki in ba ta lokaci, tana so ta tambayi limamin unguwarmu da bakinta. Daga nan sai ta ce da a ce wata uwa ta yarda a lokacin da autanta ke kwance, da ta yi mata addu'a har ƙarshen ranta, sai kuka ya ci ƙarfinta, muka bar maganar a nan.

Yaya bai sauko ba tukuna, amma ya yarda zai raka ni Mando ranar Talata ya yi wa likitan tambayoyinsa da kansa. Likita, ina da sauran tambaya ɗaya: hawan jinin da ya hana ni ba ƙanena ƙoda ina raye, zai hana a karɓi tantanin idona bayan na rasu?

Likita, Malali

Ba zai hana ba, Malama. An ƙi karɓar ƙodarki ne domin a kare ki, saboda mai hawan jini yana buƙatar ƙodarsa biyu. Tantanin ido ba ruwansa da wannan. Amma ki riƙa shan maganinki a kan lokaci, ki rage gishiri, kuma a riƙa duba lafiyar ƙodarki aƙalla sau ɗaya a shekara, ke da Yaya, tun da ciwon ya taɓa shiga gidanku.